Kafin Ki Ci Bashin Jari, Fara Tambayar Ranar Biya

Yau ba maganar rigakafi ko kunun yaye na zo da ita ba kamar yadda na saba, maganar kuɗi ce. Kada ki ce me ya haɗa ma'aikaciyar jinya da bashin jari, domin a ɗakin jinya na fara ganin inda jarin mata yake ƙarewa.

Damina biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, ina aikin dare aka kawo wani yaro ɗan shekara uku, zazzaɓin cizon sauro ya kai shi ga jijjiga, jininsa kuma ya yi ƙasa sai an ƙara masa. Uwarsa na san ta a Sabuwa, awara take yi, zan sakaya sunanta. Duk abin da aka rubuta ta kwance haɓar zani ta biya, ko gardama ba ta yi ba. Da asuba yaro ya buɗe ido ya nemi ruwa, amma sai na iske ta a kan tabarma tana share hawaye. Na ce, "Haba Yaya, ai yanzu sai godiya ga Allah, ya tsallake." Ta ce, "Sista, na gode wa Allah. Amma gobe Talata."

Ban gane ba sai da ta yi mini bayani. Talata ce ranar da rukuninsu suke zubin bashin da suka karɓa daga wani ƙaramin banki. Kuɗin da ta kashe a daren nan, rabi na zubin gobe ne, rabi na sarin waken suya. Ke nan ba abin zubawa, ba abin soyawa, ga jinya ta aƙalla kwana biyar a gabanta. Awararta tana da daɗi, tana da masu saye, ba ta da almubazzaranci. Abin da ya kayar da ita shi ne, ranar da ta dangwala hannu a takardar bashin, ta lissafa ribar makon da komai ya tafi daidai, ba ta lissafa makon da kasko ba zai hau wuta ba.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ma ban zo in hana ki ba. Na ga matan da bashi ya ɗaga su. Abin da nake so kawai shi ne ki san nauyin kayan kafin a aza miki.

Mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne don lissafi ya zo da sauƙi, ki sauya su da na gaskiya idan aka kawo miki takarda. A ce za a ba ki naira 100,000, kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 a wata, ki biya cikin wata 6. Kashi biyar a kunne ba komai ba ne. Amma naira 5,000 ce kowane wata, sau shida 30,000, jimilla za ki mayar da 130,000. A raba ta mako 24, kowace ranar zubi kina buƙatar kimanin naira 5,400. Sau da yawa kuma dubu ɗarin ba za ta zo hannunki cikakkiya ba, za a cire kuɗin fom, kuɗin inshora, wani wurin har da ajiyar dole da ba za ki taɓa ba sai kin gama biya. Idan aka cire 15,000, da 85,000 za ki shiga kasuwa, amma ruwan a kan 100,000 aka lissafa shi.

Akwai wani wurin da mata da yawa ba sa lura. Idan kin kai tsakiyar wa'adi kin riga kin mayar da rabin uwar kuɗin, amma a irin wannan tsarin ruwan ba ya raguwa, har ranar ƙarshe kina biyan ruwan dubu ɗari cif. Shi ya sa masana lissafin kuɗi suke cewa ainihin tsadar irin wannan bashin ta kusa ninka abin da aka faɗa miki da baki. Don haka kada ki tsaya a "kashi nawa ne?" Ki tambayi ma'aikacin: nawa ne zai shigo hannuna yau, nawa zan mayar gaba ɗaya, yaushe ne zubin farko, kuma me zai faru ranar da na kasa? Ya rubuta miki amsar. Idan karatun bai zauna ba, ki tafi da ɗanki ko ƙanwarki da ta yi sakandare, babu abin kunya a ciki.

Yanzu ki ɗora wannan a kan sana'ar. Mai awara da ke samun ribar naira 1,500 a rana bayan ta cire wake, mai, itace, markaɗe, yaji da leda, tana da 9,000 a mako idan ta yi kwana shida. A cire 5,400, saura 3,600. Za ta iya, kuma in ta jure har mako 24, jarin ya zama nata. Amma ki ga yadda bakin zaren yake da siriri. Mako guda na jinya, ko na biki, ko na zaman makoki, ko mai ya tashi a kasuwa, zubin ba zai jira ba, daga uwar kuɗin za a ciro shi. Mako na gaba ta sari kwano huɗu maimakon shida, riba ta ragu, zubi yana nan yadda yake. Haka jari yake karyewa, ba rana ɗaya ba.

To awara ma tana da sauƙi, tunda kullum tana kawo kuɗi. Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne sana'o'i biyu da muka fi so a wannan yanki namu na Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara: turke da ajiyar hatsi. Mace ta sayi rago wata uku ko huɗu kafin Babbar Sallah, kullum ci yake, dusa, harawa, kowa, magani, bai kawo sisi ba sai ranar da aka kai shi kasuwa. Mai sayen masara da kaka a kasuwar Dandume ta jibge a ɗaki, sai bazara ko farkon damina take sa ran ganin riba. Idan da bashin zubin mako-mako aka yi waɗannan, daga ina zubin zai fito? Daga kuɗin cefane, ko daga wani sabon bashin. Irin wannan sana'ar tana son kuɗin da zai iya kwanciya, kamar kwasar adashi, ko na ɗan uwa da za ku raba riba, ko bashin da aka amince a biya shi dunƙule bayan an sayar.

Ba ni kaɗai na lura da wannan ba. Wasu masu bincike, cikinsu har da Erica Field da Rohini Pande, sun gwada abin a birnin Kolkata na Indiya, suka wallafa sakamakon a 2013. Sun raba mata masu cin bashi gida biyu, wasu suka fara biya bayan mako biyu kamar yadda aka saba, wasu aka ɗaga musu ƙafa wata biyu. Waɗanda aka ɗaga wa ƙafa sun fi zuba kuɗin a sana'a kuma ribarsu ta fi yawa daga baya, sai dai a cikinsu an fi samun waɗanda suka kasa biya. Wannan ne ya sa masu ba da bashi ba sa son jira. Ke kuma ya kamata ya nuna miki cewa ranar zubin farko abin ciniki ce, kamar yadda kike cinikin atamfa.

Ajiyar hatsin ma ba kullum take biya ba. Waɗanda suka sayi masara da tsada a kakar 2024 suna jiran ta ƙara tashi, da yawansu sun ji jiki a 2025, lokacin da farashin hatsi ya yi ta sauka bayan gwamnatin tarayya ta sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci. Wadda ta yi da kuɗinta ta yi asara ta haƙura. Wadda ta yi da bashi ta yi asara kuma ana binta. Tunda na ambaci ajiya, bari in saka bakin aikina kaɗan: don Allah a daina barbaɗa wa wake da masara maganin feshin gona don gudun ƙwari. Buhunan PICS masu ciki uku suna kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba tare da guba ba. Abin da kika adana, yaran wata ne za su ci.

Duk wannan lissafin shi ne abin da ake kira tsarin kasuwanci, wanda bankuna da hukumomi suke nema a rubuce. Mutane sun mayar da shi wani dodo, har ana zuwa shagon kwamfuta a biya kuɗi a buga wa mace shafi ashirin na Turanci da ba ta san abin da ke ciki ba, an kwafo daga na wani mai gidan kaji a Legas. Wannan takardar ba za ta cece ki ranar Talata ba. Wanda zai amfane ki, littafin 'yan makaranta ne da biro, ki rubuta da Hausa ko da ajami, yadda kika iya.

Ki fara da wanda zai saya, da sunan unguwa da lokaci. "Mutane suna son awara" ba amsa ba ce. Gidaje nawa ne suke yi a layinku? Idan huɗu ne, me zai sa a tsallake su a zo gidanki? Sannan ki yi kwana goma sha huɗu kina rubuta duk abin da ya fita da duk abin da ya shigo, da ɗan abin da ke hannunki, tun kafin ki nemi bashin kowa. A nan ne za ki ga ɓarayin da ba a gani: wanda yara suka ci, wanda aka zuba wa baƙuwa, na maƙwabciyar da ta ce "rubuta, anjima zan aiko", man suya da aka ɗiba aka yi miyar dare. Wata ƙanwar mahaifiyata ta shekara tana ƙuli-ƙuli tana cewa akwai riba, ranar da muka zauna muka rubuta sai ga shi ribar duk a man gyaɗan take, shi kuma rabinsa a tukunyar gidan yake ƙarewa. Ta yi dariya ta ce ashe ita ce babbar mai cin bashinta.

Wani binciken da aka tattara daga ƙasashe shida aka fitar a 2015, wanda Abhijit Banerjee yana cikin jagororinsa, ya nuna ƙananan basussuka ba su fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba kamar yadda aka yi ta zuzutawa bayan Muhammad Yunus da bankin Grameen sun samu kyautar Nobel a 2006. Inda aka fi ganin amfani shi ne wurin waɗanda tun farko suna da sana'a a hannu. Ni a fahimtata, bashi taki ne, sai an yi shuka yake aiki. Idan ba ki taɓa yin sana'ar ba, ki koye ta da kuɗin da in ya ƙone ba wanda zai yi miki sallama a ƙofar gida.

Akwai layin da nake so ki ƙara a littafin, wanda babu shi a fom ɗin kowane banki: wa zai kai kayan? Da yawanmu daga cikin gida muke sana'a, yarinya ce take ɗaukar faranti. Idan ribar ba za ta fito ba sai 'yarki ta bar aji ko ta kai dare a tasha, to wannan ribar da tsada kika saye ta. Na karɓi yaran talla a asibiti da abubuwan da ba zan rubuta a nan ba. Ki nemi mai shago ko mai shayi da zai riƙa sara, ko ki sa a san gidan a riƙa aikowa, ko da ribar za ta ragu.

Sai maganar da ake jin nauyin faɗa, wato maigida da dangi. Ranar da aka ji kin karɓo kuɗi, ranar ake tuna cewa taki bai isa ba, babur yana son taya, ƙanin miji zai yi aure. Ba mugunta ba ce, gida ɗaya ne buƙata ɗaya. Amma sunanki ne a takarda, lambar BVN ɗinki ce, kuma matan rukuninki ne za su biya idan kin gaza, su kuma ba za su manta ba. Wata mai bincike, Emma Riley, ta gwada a Kampala ta Yuganda, inda aka zuba wa wasu mata bashinsu a asusun waya maimakon a damƙa musu tsaba. Bayan watanni ribarsu ta fi ta sauran, musamman waɗanda suka ce dangi suna matsa musu da roƙo. Darasin da na ɗauka shi ne kada kuɗin ya kwana a ɗaki. Ki gama cinikin kayan tun kafin a ba ki, ranar da ya shigo ya zama buhu ko keken ɗinki. Kuma ki zauna da maigida tun da farko, cikin ladabi, ki nuna masa littafin da adadin zubin. Namijin da ya ga 5,400 a rubuce kowane mako ya fi saurin ɗauke hannu fiye da wanda ya ji labarin dubu ɗari kawai.

Mu da ke wannan yanki muna da wani layin da matar Kano ko Zariya ba lallai ta rubuta ba. Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Dandume da Funtua, saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma taƙaita cinikin dabbobi da sayar da fetur a jarka. Mai sana'ar POS da mai sayar da kati sun zauna watanni babu aiki. Farkon 2023 ga ƙarancin takardun naira, a ƙarshen Mayu kuma aka cire tallafin fetur, kuɗin mota zuwa Funtua da kuɗin markaɗe suka tashi lokaci guda. Ga hanyar da wata rana ba ta biyuwa, ga dabbar da za a iya korewa cikin dare. Allah Ya kawo mana ƙarshen abin. Amma kafin nan, sana'ar da kayanta suke samuwa a cikin gari kuma masu sayenta suna cikin gari ta fi dacewa da bashi a kan wadda sai an hau hanya kowane mako. Kada kuma ki zuba duka a turke ɗaya.

Daga ina kuɗin zai fito? Ni dai adashi nake sa wa a gaba, idan uwar adashin mai amana ce, domin babu ruwa a cikinsa kuma yana gwada ki: idan kin iya zubin wata shida ba fashi, kin san ƙarfinki. Na biyu, ɗan uwa ya ba da jari ku raba riba bisa kason da kuka yi yarjejeniya, abin da malamai suke kira ƙiradi. Ko da yayanki ne ciki ɗaya, a rubuta a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma zumunci da yawa ya lalace saboda "ai mu ɗaya ne". Ga wadda take gudun kuɗin ruwa saboda addini, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha su ne za su sayi injin ko kayan su sayar miki da ƙarin riba sananniya, ki biya kashi-kashi. Ba kyauta ba ce, ranar biya tana nan, kuma za su nemi asusu mai motsi da mai tsaya miki.

Ta ɓangaren gwamnati akwai SMEDAN ta tarayya, wadda Gwamna Dikko Radda ya shugabanta kafin ya hau mulki, da kuma KASEDA, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta jiha. Irin waɗannan sukan nemi NIN, BVN, wani lokaci da rajistar sunan sana'a a CAC. Ki tambaya a ofishinsu ko sakatariyar ƙaramar hukuma, kada ki ba wani ɗan tsakiya kuɗi don ya "saka sunanki". Kuma ki tabbatar, tallafi ne ko bashi? A 2020 mutane da yawa sun karɓi kuɗin korona da Babban Banki ya fitar ta bankin NIRSAL suna ɗauka rabonsu ne na gwamnati, alhali bashi ne. A shekarar ce aka fara aiki da tsarin da ya bai wa bankuna damar bin BVN su cire bashin daga duk asusun da mutum yake da shi, kuma daga baya da yawa sun wayi gari an kwashe musu ajiya.

Manhajojin bashi na waya kuwa, tunda a waya kike karanta ni, na san kin ga tallarsu. Wa'adinsu gajere ne, ruwansu mai yawa, kuma wasunsu sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayar wanda ya makara. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta tilasta musu rajista a 2022, Google ma ya hana su shiga lambobi da hotunan mutane a 2023. Ba na ganin akwai sana'ar cikin gida da ribarta za ta iya biyan irin wannan.

Layi na ƙarshe a littafin nawa ne, na ma'aikaciyar jinya: kuɗin rashin lafiya. Daga Agusta zuwa Oktoba gadajen yara cika suke, kowace shekara, ba abin mamaki ba ne. Kafin ki karɓi bashi ki tara zubin mako biyu ko uku a wani asusu daban, kada ya haɗu da jari. A kwana cikin gidan sauro. Idan masu rabon maganin kariyar zazzaɓi na damina suka zo, wanda ake bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, ki karɓa, ki kuma ba da na rana ta biyu da ta uku da ake bar miki, domin nan ne iyaye suke sakaci. Ki tambaya a asibitin unguwarku ko ana rajistar shirin taimakekeniyar lafiya na jiha. Zazzaɓin da aka gwada aka yi wa magani ranar farko, kuɗinsa bai kai rabin rabin na wanda ya kai ga ƙarin jini ba.

Mai awarar nan, matan rukuninsu ne suka haɗa mata zubin wannan Talatar, ta biyu kuma sai da akuyarta ta tafi kasuwa. Ta gama biya a kan lokaci. Da aka ce ta cancanci ninki biyu, ta ce a ba ta lokaci ta yi shawara, ba ta koma ba. Watan jiya ta kawo jaririyarta awo, ta zo mini da awara a leda, ta ciro wani littafi da mai ya ɓata bangonsa ta ce, "Sista, injin markaɗe nake so, duba mini." Muka zauna a benci bayan na tashi aiki. Gidaje goma sha ɗaya ta lissafa da suke kai markaɗe tsallaken titi, ta san kuɗin fetur na awa guda, ta tambayi bakanike abin da yake yawan lalacewa. Da muka haɗa, zubin banki ya fi ƙarfin abin da injin zai kawo a watannin farko. Kwasar adashinta tana zuwa bayan kaka, ta ce za ta jira ta, abin da ya rage kuma yayanta da ke Funtua zai cika, su rubuta. Na tambaye ta asusun asibiti fa? Ta ce yana ƙarƙashin gado, gwangwanin madara ne, maigidan ma ya san ba a taɓa shi.